Inda Muka Kwantar da Inna

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe Inna ta cika, ranar wata Talata. Na san lokacin domin na ɗaga kai na dubi agogon bango, kamar yadda na saba yi a kan kowane abu. Mu biyu ne a kanta: ni, 'yarta ta fari, da Hajiya matar maƙwabcinmu, wadda take murza mata ƙafafu tun da suka fara sanyi. Alhaji, mijin Hajiya, yana tsakar gida a kan benci, bai daɗe da fita daga ɗakin ba. Gidanmu yana unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangui, ta gefen unguwar Yakité, kuma abin ya faru ne a watannin da aka rufe unguwar, ba mai shiga ba mai fita sai wanda ya sayar da ransa.

Zan faɗi yadda muka binne ta. Amma sai na fara da ko mu su wane ne, don kada mai karatu ya ruɗe.

Mu Hausawa ne, kuma Kirista ne. A Bangui wannan magana ce da sai an maimaita wa mutum kafin ya yarda. Iyayena daga wani ƙauye suke kudu da Kano, can aka yi musu baftisma a rafi tun kafin su yi aure. Baba direban babbar mota ne, ya biyo maigidansa, mahaifin Alhaji, wanda yake fataucin goro da kayan masarufi. Da suka zauna a nan, maigidan ya yanka masa fili a jikin gidansa. Katanga ɗaya ce ta raba mu, ita ma gajeriya, ana miƙa kwano ta kanta. Lokacin da mahaifiyar Alhaji ta yi doguwar jinya, Inna ce ta goye shi, tun ba a haife ni ba. Shi ya sa har ya yi furfura Inna yake ce mata, ni kuma ina ce masa Yaya.

A unguwa ana kiranmu Kiristocin gidan Alhaji. A cocinmu da ke unguwar Miskine, inda ake sujada da Sango, yaren ƙasar, ana kiranmu Arabo, sunan da suke kiran kowane Musulmi da shi. Inna ba ta taɓa iya Sango sosai ba. Idan ana waƙa sai ta bi muryar da kalmomin Hausa da ta zo da su daga gida, ba ta damu da wanda ya juyo ya kalle ta ba.

Baba ya rasu ina budurwa, ba mu da komai. Washegari aka binne shi cikin akwatin katako mara fenti. Ba haka Kiristocin Bangui suke yi ba. A nan gawa takan daɗe a ɗakin sanyi na asibiti har dangi su taru, a kafa rumfa a bakin titi, a ɗinka anko, a yi ta waƙa ana shan kofi, sannan a raka mamaci da jerin motoci. A bakin kabarin Baba na ji wata mata tana ce wa ta kusa da ita da Sango, tana zaton ba na ji: "Dubi yadda suka jefar da shi. Halin Arabo ba ya fita daga jiki." Na dai sa a raina cewa ranar Inna ba wanda zai faɗi wannan.

Ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kilomita Biyar. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya tsara abu, kuma ba na son a fara na biyu ba a gama na farko ba. Haka na tsara jana'izar Inna tun tana da ƙarfinta. Da farko ɗakin sanyi, har ƙanena ya iso daga Douala inda yake aiki. Bayan shi akwati mai hannuwan ƙarfe da gilashi a wajen fuska. Na riga na je wurin kafinta na nuna irin da nake so. Sannan anko ga dangi da matan coci. Sannan rumfa, kujeru, mawaƙa. A ƙarshe maƙabartar Ndres, kabari na siminti da tayil da hotonta a jiki. Don wannan nake buɗe shago tun da sassafe. Lahadi ranar ciniki ce a kasuwarmu, mutane suna zuwa daga ko'ina cikin gari, saboda haka na fara da fita daga coci kafin a tashi, daga baya na koma zuwa sai jefi-jefi. Inna takan tafi ita kaɗai da sandarta. Idan ta dawo takan ce mini, "An tambaye ki." In ce, "Wa?" Ta ce, "Mai gidan."

Ranar da na kawo atamfar ankon gida, shuɗiya mai zanen fararen kurciyoyi, na jera turamen a kan gadonta don ta gani. Ta shafa ɗaya ta ce, "Wa za mu aurar?"

Na ce, "Na ranarki ne, Inna."

"Wace ranar tawa?"

"Ranar da Ubangiji zai kira ki."

Ta ɗaga gefen zanen ta duba shi a hasken taga, kamar mai saye. "Yana da kyau, ba ya zuba. To ni zan ɗaura, ko ku?"

"Mu za mu ɗaura."

"Ashe ranarku ce," ta ce, ta naɗe mini shi da kyau ta miƙo.

Na ji haushi, na ɗora turamen a saman kabad cikin leda, ban sake tayar da maganar ba.

Inna 'yar manoma ce, kuma birni bai raba ta da ƙasa ba. A bayan ɗakinta akwai ɗan fili tsakanin bango da katanga, can take shuka masara da kuɓewa da yakuwa. Kullum da asuba takan ɗauki 'yar kujerarta ta zauna a wurin, ta fuskanci inda rana take fitowa, ta yi addu'arta. Ina ƙarama na tambaye ta dalilin da ba ta yi a ɗaki, ta nuna mini sama ta wajen gabas ta ce, "Ta nan Yesu zai ɓullo. Ba na son ya same ni na ba shi baya." Maganar tashin matattu a wurinta ba wa'azin Ista ba ce kaɗai. Tana yin ta kamar yadda manomi yake maganar damina: ba ta sauka ba tukuna, amma ana sharar gona. Takan ce tun da Yesu ya fita daga nasa kabarin, sauran kaburbura duk ɗakin baƙi ne. Da ta ji labarin akwati mai gilashi, tana cikin tona rami da ɗan yatsa tana jefa iri, ta ce, "Ke dai kin taɓa ganin masarar da ta tsiro a cikin kwalba?"

Sai rikici ya zo. Da farko 'yan tawaye suka shigo gari da motocinsu. Bayan wasu watanni masu adduna da layu suka biyo baya, suna neman duk wanda suka ɗauka Musulmi ne. Aka ƙone gidaje a Miskine, aka rushe wasu a Yakité, mutane suka kwararo cikin Kilomita Biyar suka cika harabar masallacin Koudoukou. Manyan motoci suka yi ta kwashe mutane zuwa Kamaru da Cadi. Alhaji ya tura 'ya'yansa da jikokinsa, shi da Hajiya suka zauna. 'Yan cocinmu sun aiko mini in fito da Inna mu je sansanin da ke filin jirgi, inda Kirista suka taru. Inna ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba. Ni kuma na san abin da ban faɗa mata ba, cewa a bakin shingen farko na masu adduna ba wanda zai tambayi addinina, fuskata da harshena za a duba. Muka zauna. Maganin hawan jininta ya ƙare, ba inda za a samo. Ta kwanta.

Safiyar Talatar Alhaji ya shigo gaishe ta kamar kullum. Ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Inna, an tashi lafiya?"

Muryarta ta yi ƙasa, amma ta amsa masa yadda suka saba. "An tashi, ɗan goyona. Wannan ƙaramin tashi ne, babban yana tafe."

"Ranar nan ai sai na riga ki, Inna."

"Kai? Za a busa ƙaho kana laluben makullan shago."

"Ke kuma kina neman sandarki."

"Babu sanda ranar, yaro. Bayana kawai za ka hango."

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Shagon ma ai babu shi yanzu, sun ƙone shi."

"To ka huta," ta ce. "Ka yi sauƙin tashi."

Shekara da shekaru suna wannan wasan, ban taɓa jin ɗayansu ya ja shi zuwa gardamar wane ne a kan hanya ba. Ya fita ya zauna a benci. Ta nemi ruwa, na ba ta a cokali. Ta ce in buɗe taga. Na buɗe, na dawo na riƙe hannunta, ba a jima ba ta tafi, ba wahala ba ƙara.

Hajiya ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali. Ni ban yi kuka ba a lokacin. Tsarina ne ya tashi a kaina, na farko kafin na biyu. Na fita na ce, "Yaya, Inna ta rasu. A nemo mini amalanke, zan kai ta ɗakin sanyi."

Ya yi salati, ya share fuskarsa da hannun riga. Sannan ya ce, "Wa zai tura?"

"Ni."

"Da wannan fuskar? Da wannan bakin naki da Hausa take fitowa ko kina Sango?"

Na nuna masa gicciyen da ke wuyana.

"Ƙanwata, kafin su ga abin wuyanki sun ga daga inda kika fito. Ba za ki haye gadar da ke bakin unguwa ba. Mu ma tun da aka tare hanya ba mu kai namu maƙabarta ba, a cikin gidaje muke binnewa. Ga fili a bayan ɗakinta. Kafin la'asar mun gama."

Na ce, "Ba zan jefar da uwata ba."

Hajiya tana bakin ƙofar ɗaki, ta ji. Alhaji ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Jefarwa muke yi da namu ke nan?"

Amma ban janye ba, na ce ni dai ba a bayan ɗaki za a sa Inna ba, na yi shekaru ina shiri, kuma ƙanena yana da hakkin ya ga fuskarta.

Ya miƙe. "To shi ke nan. Uwarki ce, ke ce mai magana. Amma ke ba za ki tura ba, ni zan tura. Ta goye ni, ba zan zauna a benci a fita da ita ba." Ya cire hularsa ya ajiye a kan benci, kamar cire hula zai ɓoye ko shi wane ne, ya jawo takalmansa ya fara sawa. Hajiya ba ta ce masa kada ya je ba. Ta dai sulale ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ta ɗora hannuwanta a ka.

Na koma ɗaki na zauna kusa da Inna. Turamen ankon suna saman kabad, ƙura ta rufe ledar. Na ce wa kaina, to, a bi abin daki-daki. Idan na fita da ita, Yaya ba zai dawo ba. Wannan na sani kamar yadda na san farashin kayana. Idan ban fita da ita ba, me Inna ta rasa? Na duba, na sake dubawa, ban ga abin da ta rasa ba. Ni ce zan rasa rumfa, da jerin motoci, da bakin matan coci. Sai na zo kan abin da ya fi wuya. Duk Lahadin da na je coci nakan miƙe tare da jama'a in faɗa da bakina cewa na gaskata jikin nan zai tashi. Ko dai gaskiya ne, ko ba gaskiya ba ne. Idan ba gaskiya ba ne, tayil ba zai yi mata komai ba. Idan gaskiya ne, wanda zai kira ta ya san bayan ɗakin nan sarai, kowace asuba a can take yi masa magana. Ba ya bukatar hoto a jikin siminti kafin ya gane ta.

A nan kukan ya zo mini. Na kifa kaina a kan hannunta na yi mai isata. Da na gama na wanke fuska na fita.

Na ce, "Yaya, cire takalminka. A kira masu haƙa."

Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata? Kada gobe ki ce na tilasta ki."

"Na tabbata. Kuma maganar da na faɗa ɗazu, ka yafe."

"Wace magana?" ya ce, ya mayar da hularsa.

Ni da Hajiya muka yi mata wanka. Ta ɗora ruwa a wuta, ta kawo sabulu sabo da turaren da take ɓoyo. Kafin ta taɓa ta sai ta tsaya ta ce, "'Yar Inna, ku akwai yadda kuke yi? Kada in yi mata namu ba da saninki ba." Na ce mu dai a wanke ta ta fita tsaf, a yi a hankali. Ta ce, "Wannan ai duk ɗaya ne." Ta warware mata kitso, ta taje furfurar, ta sake yi mata guda biyu manya, tana yi tana mata magana ƙasa-ƙasa: "Juyo nan, Inna. Yawwa. Sannu." Na sauko da turmi ɗaya na ankon na buɗe, na riƙe shi a hannu, sai na ga ba nata ba ne. Na mayar. Muka ɗaura mata zanenta na zumuntar matan coci, wanda ya koɗe don wanki, muka naɗe ta da farin zanen gado.

Masu haƙa mutum biyu ne daga wajen masallaci, babbansu dattijo ne siriri wanda a watannin nan ba ya rasa aiki. Ya karyo karan masara daga gonar Inna, ya ba Hajiya ta shiga ta auna tsawonta da shi, ta dawo masa da shi. Ya shiga bayan ɗaki ya ɗora karan a ƙasa, ya ɗaga diga, sai ya fasa. Ya yi wa Alhaji magana a kunne. Alhaji ya zo ya ce, "Yana tambaya, ku yaya kuke kwantar da naku? Mu a gefen dama muke sawa, fuska ga alƙibla. Ya ce ba ya son ya juya baiwar Allah inda ba ta nufa ba."

Na san launin akwati, na san irin tayil, na san wanda zai ba da hayar kujeru. Wannan tambayar ba ta cikin tsarina. Ranar Baba kunnena yana wurin matar nan, ban lura da yadda aka sa shi ba. Sai idona ya faɗa kan 'yar kujerar Inna, tana nan inda ta bar ta ranar ƙarshe da ta iya fitowa, sawun ƙafafunta sun nutse a ƙasa.

Na ce, "A rigingine za a sa ta. Kai ta wajen bango, ƙafafu ta inda rana take fitowa. Idan ta tashi zaune, ta ga gabas."

Dattijon ya gyara karan, ya ɗan karkata shi daga yadda ya sa da farko, ya dube ni. Na ce ya ƙara kaɗan. Ya ƙara, sannan ya fara haƙa. Irin nasu suka haƙa, rami mai faɗi a sama da ƙarami a cikinsa, sai dai sun faɗaɗa ƙaramin don ta kwanta da baya. Ƙasar wurin ja ce, mai laushi, ta sha taki da hannun Inna. Dole aka tumɓuke kuɓewa da rabin masarar. Can nesa ta wajen gada ana jin harbi jefi-jefi, ba wanda ya ɗaga kai.

Alhaji ya shiga ramin da kansa ya karɓe ta. Da ya ɗauke ta sai na ji ya ce, "Inna, yau ni ne da goyo." Ya kwantar da ita, ya gyara mata zane a ƙafa, ya fito. Aka jera itace a bakin ƙaramin ramin, aka sa ganyen ayaba, aka liƙe da taɓo. Sannan mazan suka ja da baya suka jingina da katanga, wasu maƙwabta da suka shigo su ma suka tsaya tare da su. Dattijon ya ce, "To, Malama, namu ya ƙare. Saura naku."

Ba fasto, ba mawaƙa, ba wani Kirista ko ɗaya sai ni. Ban taɓa tsayawa gaban jama'a na yi addu'a ba. Na yi da Hausa, a taƙaice. Na gode wa Ubangiji don ranta, na ce ga baiwarka mun ba ka ajiya har ranar da za ka zo, na roƙa wa waɗanda suka haƙa da waɗanda suka tsaya tsari daga abin da ke waje. Da na ce amin, na ji an amsa daga jikin katanga. Sannan na ɗauko waƙar da Inna take yi kowace safiyar Ista, ta tashin Almasihu. A baiti na biyu muryata ta karye, na kasa. Sai na ji wani ya ɗauki muryar daga bayana, ba kalmomi, baki a rufe. Hajiya ce. Tun tana amarya take jin waƙar ta kan katanga, ta haddace ta ba da niyya ba. Ta riƙe mini ita har na dawo, muka kai ƙarshe tare. Na zuba ƙasar farko da hannuna, mazan suka ƙarasa. Ana kiran sallar la'asar suna wanke hannu.

Kwana uku Hajiya tana shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu, mata suna shigowa yi mini gaisuwa. Wasu sukan tsaya a tsakiyar addu'a, ba su san abin da ya dace su roƙa wa Kirista ba, sai su ce, "Mutuniyar kirki ce," su zauna. Da yawansu daga harabar masallaci suke, waɗanda suka gudo da zanen jikinsu kaɗai. Ganin haka na sauko da turamen na yayyanka na rarraba. An yi watanni ana ganin fararen kurciyoyi a layin famfo.

Da hanya ta buɗe na koma coci, kuma tun daga lokacin ban sake buɗe shago ranar Lahadi ba. Cinikina ya ragu, ban mutu da yunwa ba. Kujerar Inna ni nake zama a kanta da asuba yanzu. Ban iya doguwar addu'a irin tata ba, nakan yi tawa gajeriya in tashi, amma ba na fashi. Na daɗe ina ɗaukar mutuwa a matsayin ranar da mutane za su auna gidanmu, kuma tsoron wannan awon ya ci mini shekaru masu yawa. Yanzu idan na tuna tawa ranar ba na jin komai ya matse ni a ƙirji.

Ƙanena ya iso daga Douala bayan an samu sauƙi. Na kai shi bayan ɗaki, ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro, na bar shi ya yi. Da ya natsu ya ce, "Yaya, kin yi iyakar ƙoƙarinki, amma ba za mu bar ta a nan ba. Za a tono ta, a sa ta a akwati, a yi mata jana'iza ta sosai a kai ta Ndres kusa da Baba." Matan coci ma haka suka ce, da kyakkyawar niyya. Faston ya ce magana tana hannun 'ya'yanta. Na ce wa ƙanena an yi wa Inna jana'iza ta sosai, ina wurin. An wanke ta, an kwantar da ita yadda take so, an yi addu'a, an yi waƙa har ƙarshe. Ba abin da ya rage sai na Ubangiji, shi kuma ba mu ne za mu sa masa rana ba.

Bai yarda ba. Ba na ganin laifinsa, bai ga fuskarta ba, kuma yana jin kamar ya ci amanarta. Na ji labari yana bi ta kan 'yan'uwanmu Kirista Hausawa, na nan Bangui da na Douala da na gida Najeriya, yana neman su taya shi shawo kaina. Ba mu da yawa, kusan duk mun san juna, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana tun daga farko, don kada a ji rabi.

Saboda haka, kai mai karatu, idan ƙanena ya zo maka da wannan magana, kada ka yi masa faɗa, kuma kada ka goya masa baya. Ka zaunar da shi, ka ba shi ruwa, ka gaya masa cewa uwarsa ba ta rasa komai ba, sannan ka roƙe shi a madadina ya bar ta ta yi barcinta inda take har a tashe ta.